Neman Yaya Asabe a Hanyar Shanu

Litinin: Katsina zuwa Birnin Ƙonni

Na bar gida ranar Litinin da ƙarfe biyar saura kwata na asuba, cikin Azumin 1969, bayan na yi sahur da ɗumamen tuwon dawa. Inna ta rako ni har zaure tana dogara sanda. Ba ta yi mini nasihar hanya ba, abu ɗaya ta faɗa, ta kuma maimaita shi: "Haruna, kada ka dawo mini ba Asabe."

Kwana shida kafin nan rediyo ya sanar cewa gwamnatin Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, wa'adin zai cika ranar Talata ta sama. Mahaifinmu farken goro ne, a Kumasi aka haife mu ni da yayata Asabe. Da ya gaji da fatauci ya kwaso mu zuwa Katsina a 1937, ina ɗan shekara tara, aka baro Yaya a ɗakin mijinta Garba, mahauci, wanda iyayensa mutanen Tawa ne ta Nijar. Shekara talatin da biyu ke nan Inna ba ta sa ta a ido ba. Na taɓa komawa sau ɗaya, a 1951, bayan rasuwar Baba, don in zo da ita ta yi wa Inna gaisuwa. Garba ya tsaya a ƙofar zaurensa ya ce ba inda za ta. Tun daga ranar ban ƙara rubuta sunansa a wasiƙa ba.

Ni malamin firamare ne, ina koyar da Hausa da lissafi. Hedimasta ya ba ni izini da ƙyar, na ɗauki takardar tafiyata da jaka ɗaya na shiga motar Maraɗi a kan sule shida. Mil hamsin da biyar ne kawai, amma yaƙin basasa bai ƙare ba, sojojin Jibiya suka zazzage mana kaya a ƙasa har ƙarfe tara. A Maraɗi na canji kuɗi, na sami babbar mota mai ɗauke da buhunan gyaɗa, na hau sama. Mun shiga Ƙonni ana kiran magariba. Na sha ruwa da kunun tsamiya, na kwana a masallacin tasha jakata a ƙarƙashin kai.

Talata da Laraba: Yamai, Fadan Gurma

Daga Ƙonni zuwa Yamai mil ɗari biyu da sittin, muka yi shi daga ƙarfe shida na safe zuwa bayan la'asar sakaliya, ta Dogon Dutsi da Doso. Matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi, amma na ƙi ajewa, ba don tsananin tsoron Allah ba, taurin kai ne kawai irin nawa.

Da safiyar Laraba na je bakin Kwara. Ana kan aikin gada, sai a jirgin fito ake ƙetarewa. Muna isa waccan gaɓar na fara ganinsu: motoci bakwai a jere cike da mutanenmu daga Gana, an ɗaure gadajen ƙarfe da turame a jikin katako, mata na zaune bisa kaya da jarirai. Na bi su mota mota ina leƙa fuskokin tsofaffi. Wata mata ta ce su daga Obuasi suke, mutanen Kumasi suna baya, motoci sun yi ƙaranci. Da ta ji can na nufa, kallona ta yi kawai ta gyara goyonta.

Na kwana a Fadan Gurma, mil ɗari da tamanin daga Yamai, a rumfar wani mai shayi.

Alhamis: Kan iyaka da Bawku

Muka bi ta Kufela da Tankodogo a ƙasar Mosi, muka isa shingen Gana da ƙarfe uku da rabi. Layin masu fita ya kai rabin mil. Layin masu shiga ni kaɗai ne, sai wani mai jaki. Jami'in ya jujjuya takardata, ya tambaye ni da Turanci ko ban ji rediyo ba. Na ce na ji, shi ya kawo ni, yayata zan ɗauko. Ya tambayi inda aka haife ni, na ce Kumasi. Ya yi dariya ya ce rabin waɗancan ma a nan aka haife su. Sai ya buga hatimi, ya ɗora yatsa a kan kwanan watan, ya ce daga Talata ni da su duk ɗaya ne, wanda aka kama a cikin gari ba ruwansa.

A Bawku na sauka gidan Malam Seidu, Babusange ɗan asalin yankin mai saukar da fatake, sidi ɗaya na kuɗin Gana kwana da abinci. Da aka sha ruwa ya turo mini akushi ya ce, "Malam, ci. Matana ya dafa tuwo mai dadi yau."

Na ce, "Ta dafa. Mace ce."

Ya ce, "Tuwo din bai san ya ko ta ba. Ci kawai."

Na yi dariya, amma abin ya taɓa mini wani tsohon miki. Mutanen can da suka koyi Hausa a kasuwa da zango ba su raba namiji da mace a magana, kowa "ya" ne, kuma yaran da suka tashi cikinsu haka suke ɗauka. Da aka kawo ni Katsina na ce "Inna ya kira ni" a gaban yaran unguwa, suka laƙaba mini Ɗan Gwanja, sunan ya bi ni har na yi gemu. Na kankare wannan Hausar daga bakina da ƙarfin tsiya. Shi ya sa duk yaron ajina da ya ce wa mace "ya zo" sai ya ɗanɗana rula.

Juma'a zuwa Lahadi: Tamale, Yeji, Kumasi

Bawku zuwa Bolga mil hamsin da biyu, Bolga zuwa Tamale ɗari. Motocin da ke gangarawa kudu fanko suke tafiya, suna gudu don su je su yi lodi, saboda haka sidi uku kawai direba ya karɓa daga Tamale har Kumasi. Sunansa Kwaku, Ba'asante ne mai jin Hausa. Ya ce tun da ya fara tuƙi bai taɓa ganin wanda yake shiga gida ana fita da gudu ba sai ni. A bakin ruwan Yeji muka makale tun azahar ɗin Asabar har wayewar Lahadi, domin jirgin fito masu fita yake fara kwasowa.

Shinge biyar na ƙirga tsakanin Yeji da Mamfon. A kowanne sai an sauke ni, an karanta hatimin, an ƙirga kwanakin da yatsa. Mun shiga Kumasi ƙarfe shida saura minti goma na yamma. Na sauka a Asawase, ladanin wani masallaci ya ba ni tabarma a ɗakin ajiye butoci. Ya ce rabin sahun masallacin ya tafi, ya kuma gargaɗe ni kada in fita da babbar riga, ita ake fara hangowa.

Litinin: Hanyar Shanu

Na fita ƙarfe shida da rabi da 'yar shara da wando, ina da tabbacin kafin bakwai ina gaban Yaya. Gidansu yana kan hanyar da ta tashi daga tsohon Zango ta ratsa Asawase ta gangara Dichemso. Muna yara Hanyar Shanu muke ce mata, don ta nan ake koro shanun arewa zuwa mayanka. A lokacin turba ce kawai tsakanin gonakin ayaba da gwaza, in an yi ruwa kofato ya dama ta har gwiwa. Gida goma sha ɗaya ne a kanta, duk na ƙasa da jinka, kuma na san mai kowanne. Kwatancen gidan Garba ba ya ɓata: ka wuce shingen shanu, ka wuce rijiyar Malam Ɗantani, ka iske babban rimi a hannun dama, gida na biyu bayan rimin. A gindin rimin Yaya take kafa tukunyar koko.

Da na zo a 1951 an zuba mata burji, an jera gidajen gwamnati masu rufin kwano a Asawase kamar ɗakunan aji, an kafa famfo ɗaya inda mata suke faɗa tun asuba. Amma rijiyar tana nan, rimin yana nan, ban tambayi kowa ba na isa.

Wannan karon na tsaya a bakin hanyar na rasa gabas. Kwalta ce shimfiɗe mai faɗin mota uku, da lambatu na siminti hagu da dama, da turakun lantarki. Ƙananan motocin haya da suke kira torotoro suna ta danna ƙaho. Inda nake zaton shingen shanu yake, gidan silima ne. Benaye sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, ƙasansu kantuna, samansu ɗakunan haya da shanya a baranda. Na tambayi wani saurayi Hanyar Shanu, ya ce bai taɓa jin ta ba. Na tambayi wata mai gasa ayaba rijiyar Malam Ɗantani, ta nuna mini famfo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba ginin ba ne. Kanti ɗaya cikin uku a rufe yake da kwaɗo. A bakin lambatu mutane sun baje rayuwarsu suna sayarwa: gadaje, kekunan ɗinki, langa-langa, allunan karatu a ɗaure da igiya ba mai taya su. Wani dattijo yana riƙe da ƙyauren ɗakinsa da ya ɓalle, wata mata tana taya shi fesuwa hamsin, rabin sidi ke nan. Ba mai ɗaga murya. Kowa yana ciniki yana waiwayen titi, domin motar 'yan sanda tana zagayawa, in ta tsaya sai ta tafi da mutum biyu ko uku.

Sau uku na bi hanyar daga sama har Dichemso ina neman rimi, mil ɗaya da rabi kowane zuwa, da azumi a bakina. Sau biyu na shige lungu na lafe har motar ta wuce. A zuwa na uku, wajen ƙarfe goma, na lura da wani gidan mai da simintin filinsa ya kumbura ya tsage a gefe guda, tsagar ta yi reshe. Na tsaya ina kallonta, sai na gane saiwa ce ta ruɓe a ƙasa. Na ƙirga gida biyu daga nan.

Gida na biyun ba shi da zaure. An yanke shi kamar yadda ake yanka alkaki, titi ya cinye gabansa, bangon da na sani a tsakar gida shi ne yanzu yake fuskantar kwalta. Na gane shi da wani alkuki da Yaya take ajiye fitila a ciki. An huda bangon an yi shagon tela, wani dattijo mai tsagen Dagomba yana taka keke a ciki. Sunansa Baba Salifu. Na yi sallama na ce ina neman Garba mahauci da matarsa Asabe. Ya leƙa titi kafin ya amsa, don motar 'yan sandan ta tsaya a gidan man.

Ya ce, "Garba, Asabe, na san su paa, sosai. Ya mutu, Malam. Yau kwana tara. Daya din ya tafi Suame tun jiya, wajen lori."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa."

Ya ce, "Amin. Mutum mai kirki. Titi nan duka, kowa ya ci a hannunsa. Je ka yanzu, suna zuwa."

Na bi ta bayan gidan na fita. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: daɗi na ji. Na ce a raina mai hanawa ya kau, ba wanda zai tsaya mini a ƙofa. Har na yi mamakin yadda Garba ya zama mai kyautar nama a tsufansa, don ban san shi da sakin hannu ba. Ban tsaya ko'ina ba sai babban gidan waya, na bi layi minti arba'in, na buga wa hedimasta wayar tangarahu ya karanta wa Inna. Kalma bakwai ce: GARBA YA RASU INA TAFE DA YAYA.

Litinin da rana: Suame

Torotoro ya kai ni Suame a kan fesuwa biyar. Unguwar makanikai ce a bakin hanyar arewa, ƙasarta baƙa ƙirin da man inji. Duk wata mota da ke iya motsi an jawo ta ana ɗaure mata ƙafa, mutane kuwa sun fi dubu a zaune bisa kayansu tsakanin gawarwakin motoci. Na fara daga gefen mata. Ina zuwa ina durƙusawa ina duba fuska, ina cewa ko an ga wata dattijuwa Asabe, doguwa, mai wushirya, daga Asawase. Har ƙarfe biyu ba labari. Maƙogwarona ya bushe, kunya ta fita daga idona, na shiga kiran sunanta da ƙarfi kamar mai cigiya.

Daga bayan wata tsohuwar taya na ji an ce, "Auta? Muryar Auta nake ji."

Mutum biyu ne kawai a ƙasar nan suke kirana Auta. Na juya. Wani tsoho ne zaune a kan ƙullin kaya, ya rame, idanunsa sun yi fari da yana, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. A gefensa akwai tukunyar ƙarfe da aka ɗaure bakinta da zane, ludayi ya leƙo. Na san tukunyar kafin in san mutumin.

Na ce, "Yaya Garba? An ce mini ka rasu."

Ya ce, "Wa ya ce?"

"Telan da ke gidanku. Ya ce ya mutu, yau kwana tara."

Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ai ka san Hausar nan, Auta. Da ita ka fara magana."

Na zauna a cikin baƙin man nan. Na san Hausar, kwana huɗu da suka wuce ma na yi mata dariya a Bawku. Tambaya ɗaya ce da zan yi wa telan, wanne daga ciki, ban yi ba, don na riga na ji abin da nake so in ji. Kwana tara baya Asabar ce. Tun kafin Inna ta rako ni zaure an riga an binne Yaya. Na yi kuka a gaban mutane, ba wanda ya kula, kowa da nasa.

Garba ya ce ranar da aka yi sanarwa ita ta fara ɗaure kaya a duk unguwar, tana cewa gwamnati ta yi mata abin da ta kasa yi wa kanta, za ta je ta ga Inna. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana uku ta cika. Ta ce masa kada ya yi gaggawar shiga mota, Auta zai zo. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce Tawa, in akwai wanda ya tuna sunan ubansa a can, shi dai bai taɓa ganin garin ba. 'Ya'ya uku suka haifa, duk suna makabartar Tafo, yanzu ga uwarsu kusa da su.

Na sami direban da zai tashi da asuba, na kama wurin mutum biyu, na bar kayan a hannun wani maƙwabcinsu. Muka je Tafo na yi mata addu'a. A dawowa Garba ya roƙe ni mu bi ta gida.

Muna tafe a bakin lambatu yana riƙe da kafaɗata, yana ba ni labarin shekarun da ban gani ba. Bai ganin komai sai inuwa, amma bai yi kuskuren gida ko ɗaya ba. Nan rijiya take, an rufe ta shekarar samun 'yancin kai. Wannan benen wani mai sayar da katako ya gina shi a kan gidan liman. Rimin kwana huɗu ana saransa, Yaya ba ta yi koko ba duk kwana huɗun. Sau uku masu awo suna zuwa suna shafa jan fenti a bango, sau uku tana ja da tukunyarta baya: daga gindin rimi zuwa ƙofar zaure, daga ƙofar zaure zuwa cikin zaure, da aka rushe zauren ta koma bakin lambatu. Leburorin da suka rushe shi ma ita ta ba su koko. Da wasa take cewa titin nan sai ya bi ta har kan gado.

Na ce, cikin ɗacin rai, da ya bar ta ta bi ni a 1951 da ko ba komai Inna ta gan ta. Ya ce ba shi ya hana ba. Ita ce ta ce ba ta iya barin kabarin ƙaramin ɗansu, wata biyu da binne shi, kuma tana tsoron in ta je ba za a bar ta ta dawo ba. Ta roƙe shi ya ce shi ya hana, don kada Inna ta yi fushi da ita. Shekara goma sha takwas ina riƙe da mutumin nan a zuciya, shi kuwa bai taɓa aiko da kalma ɗaya ta wanke kansa ba.

Da muka zo gidan mai ya ce in tsallaka da shi. Na ce motoci, ga kuma 'yan sanda can sama. Ya ce minti ɗaya. Muka shiga titin yana ƙirga taku, ya tsaya a tsakiyar kwalta daidai farin layi, ya buga sandarsa. "Nan ta fara zama da tukunyarta," in ji shi. Torotoro biyu suka kauce mana suna zagi da Asantanci. Na ja shi muka fita, muka shige lungu kafin motar ta gangaro.

Komawa

Mun tashi daga Suame ranar Talata ƙarfe biyar da rabi na asuba, mu sittin da wani abu a motar katako, ta Teciman da Kintamfo. Mun isa Tamale da hantsin Laraba, hatimina ya riga ya mutu. A shingen shiga gari ɗan sanda ya duba shi, ya dube ni, ya dubi Garba da tukunyarsa, ya miƙo mini takardar muka wuce. Mota ta tsaya awa guda daura da gidan waya. Na shiga, na karɓi fom, na rubuta YAYA, na tsaya. Ni da nake koya wa yara rubutu na rasa kalma ta biyu. Na ninke takardar na sa a aljihu, na gaya wa kaina bai kamata Inna ta ji daga bakin hedimasta ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji.

Kwana biyu muka yi a kan iyaka, biyu a bakin Kwara muna jiran fito. Tari ya kama Garba a Doso, na sa shi ya ajiye azumi, ni ma na ajiye don kada ya ji kunya. Ni nake kai shi bayan gida, ni nake ɗaura masa alwala. Da muka zo mararrabar Tawa bayan Ƙonni, direba ya tambaya ko akwai mai sauka. Garba ya fara laluben sandarsa. Na danne ta da ƙafa, na ce wa direba babu.

Katsina

Mun sauka tashar Katsina ranar jajibirin Sallah da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Tun daga bakin lungu na ga an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Na zaunar da Garba a zaure na shiga ni kaɗai. Matan unguwa sun cika tsakar gida, an yi wa ɗakin kusa da na Inna sabon daɓe, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga zanen Sallah a ninke a kai. Wata maƙwabciya ta fara guɗa, da ta ga fuskata ta haɗiye sauran.

Inna tana zaune a bakin ƙofarta. Ta leƙa bayana ta ce, "Ina take?"

Na durƙusa. Na ce, "Inna, na yi kuskure a wayar. Ba ya ba ne. Ta rasu."

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta yi salati a hankali, ta daɗe tana kallon zanen. Sai aka ji ƙarar sanda, Garba ya lalubo hanya ya shigo da tukunyar a rungume, ya ajiye ta a gabanta ya durƙusa ya gaishe ta. Ta sa hannu ta shafa bakin tukunyar, ta zaro ludayin ta riƙe.

Ta ce, "Garba, kai ne? Rimin nan yana nan?"

Ya ce, "An sare shi, Inna. Titi ya bi ta wurin."

Ta gyaɗa kai. Ta juya wajen matan ta ce a kai kayansa ɗakin da aka gyara, a ba shi ruwa da zarar an kira salla. A ɗakin ya zauna har ƙarshen ransa, kullum da hantsi yana ba Inna labarin 'yarta, gida gida, daga shingen shanu har Dichemso.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa hedimasta, da Malam Seidu na Bawku, da Kwaku direba, da ladanin Asawase da ban tambayi sunansa ba, da ɗan sandan Tamale da ya ga mataccen hatimi ya kau da kai. Na kuma gode wa Baba Salifu tela, wanda ya gaya mini gaskiya tsaf da Hausar da na tashi da ita, ni ne ban ji ba.